Muhtasar a Birnin Milan: Littafin Alƙalan Zamfara da Makomar Sharhinsa

A shekarar 1919 kamfanin ɗab'i na Ulrico Hoepli da ke birnin Milan ya fitar da wani littafi mai juzu'i biyu, ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Ƙasashen Mallaka ta Italiya. Harshensa Italiyanci ne, amma duk wani tsohon alƙali a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu zai gane shi daga jerin babobinsa kawai: tsarki, salla, zakka, azumi, hajji, sannan aure, saki, ciniki, jingina, shufa'a, shaida, haddi da rabon gado. Fassarar Muhtasar ce na Shaihu Halilu ɗan Ishaƙa, littafin da masu neman ilimi a zaurukan ƙasar Hausa ke kira Lawwali da Sani. Ignazio Guidi, malamin harsunan gabas a Jami'ar Rum, shi ya fassara ɓangaren ibada. David Santillana, lauya haifaffen Tunis, ya ɗauki ɓangaren mu'amala da laifuffuka da alƙalanci.

A yau bugun farko na wannan littafi ba a cika samunsa ba sai a manyan ɗakunan karatu na jami'o'i da hannun dillalan tsofaffin littattafai. Duk da haka tarihinsa ya shafi Zamfara kai tsaye, domin ya taɓo tambayar da kotunan jihar ke fuskanta tun shekarar 2000: idan aka ɗauko gajeren matanin doka aka raba shi da sharhin da ya rayu a cikinsa shekaru ɗari shida, me ya rage a hannun alƙali?

Littafin da aka rubuta don a yi masa sharhi

Halilu malamin Masar ne, ya koyar a makarantar Shaihuniyya ta Alƙahira, kuma ya rasu tsakanin 1365 da 1374 gwargwadon saɓanin masu tarihi. Abin da ya sa a gaba shi ne tattara hukuncin da ake fatawa da shi a mazhabar Malikiyya cikin kalmomi mafi ƙaranci. Ya matse maganar har ta kai jumla guda tana ɗauke da mas'aloli uku ko huɗu, lamiri yana komawa ga abin da aka ambata layuka da yawa a baya. Balaraben da ya ƙware a nahawu ma, in bai zauna gaban malami ba, zai karanta shafi ya tashi bai san inda aka dosa ba.

Halilu ya san haka, shi ya sa ya kafa alamomi a gabatarwarsa. Akwai kalmar da in ya ambata yana nufin Mudawwana, uwar littattafan mazhaba. Akwai kalmomi huɗu da kowace ke nuni ga zaɓin malami guda daga cikin manya huɗu: Lahmi, Ibn Yunus, Ibn Rushd kakan masanin falsafa, da Maziri. Akwai kuma kalmomin da ke gaya wa mai karatu cewa a nan malamai sun saɓa, ko na baya sun yi kai-kawo saboda rashin nassi daga na farko. Ke nan matanin kansa taswira ce da ke tura mutum zuwa wasu littattafai.

A nan ne Italiya ta fara shigowa cikin labarin, tun kafin a yi ƙasa mai wannan suna. Biyu daga cikin malamai huɗun nan suna da asali da tsibirin Sisili, wanda Larabawa ke kira Siƙilliyya. Ibn Yunus, wanda ya rasu a 1059, da laƙabin Basiƙille aka san shi. Maziri kuwa, wanda ya rasu a Mahdiyya a 1141, an jingina shi ne ga garin Mazara na gaɓar tsibirin. A wannan gari ne Asad ɗan Furat, alƙalin Ƙairawan, ya sauka da rundunarsa a 827, kuma ya rasu a 828 yana kewaye da birnin Sirakusa. Asad ɗin nan shi ya fara tattara tambayoyin da ya yi wa Ibn Ƙasim, almajirin Imamu Malik, waɗanda Sahnun ya sake bita suka zama Mudawwana. Duk alƙalin da ya rinjayar da magana bisa zaɓin Ibn Yunus a wata kotu ta Zamfara, da ilimin da ya tsiro a ƙasar da yau take cikin Italiya ya yi hukunci.

Bayan Halilu sai sharhi ya yi ta hawa kan sharhi. Almajirinsa Bahram ya fara. Mawwaƙ na Garnaɗa, wanda ya rasu a 1492, ya mayar da kowace jumla ga tushenta. Haɗɗab, mai Mawahibul Jalil, ya rasu a yankin Tarabulus na Libiya a 1547. Sai Zurƙani da Harashi a ƙarni na 17, sai Dardir wanda ya rasu a 1786, da Dasuƙi wanda ya yi wa sharhin Dardir hashiya ya rasu a 1815. Daga baya aka sami Jawahirul Iklil, gajeren sharhin da ya zama abokin zaman alƙalan Arewa. A cikin waɗannan ne ake samun sharuɗɗa da togaciya da uzurori, wato wuraren da hukunci ke sassautawa ko ya faɗi gaba ɗaya.

Daga Katsina zuwa 'Yandoto da Gusau

Muhtasar ya iso ƙasar Hausa da wuri. Ahmad Baba na Tumbuktu ya kawo tarihin wani malami, Aida Ahmad, wanda ya yi karatu a Masar da Hijaz, ya zama alƙalin Katsina, ya rasu wajen 1529, kuma ya bar rubuce-rubuce a kan Muhtasar. Wato shekara ɗari da hamsin kacal bayan rasuwar mawallafin, ana yi wa littafinsa ta'aliƙi a Katsina.

Yankin Gusau da Tsafe a wancan zamani yana cikin ƙasar Katsina ne, abin da har yau sarautar Sarkin Katsinan Gusau ke tunatarwa. Babbar cibiyar iliminsa ita ce 'Yandoto, garin malamai da ɗalibai ke nufa daga nesa, wanda sunansa ya wanzu a sarautar 'Yandoton Tsafe. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya karanta Muhtasar wajen baffansa Usmanu Binduri, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya rubuta a tarihin malamansu, sannan ya shafe wajen shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780. Da jihadi ya tashi a 1804, malaman 'Yandoto suka rabu. Wasu, irin su Malam Sambo Ɗan Ashafa wanda ya kafa Gusau, suka bi Shehu. Wasu suka ƙi, har rundunar Muhammadu Bello ta ci garin a farkon shekarun yaƙin.

Abin lura shi ne ɓangarorin biyu littattafai iri ɗaya suke karantawa. Saɓaninsu a kan fassara ne da ɗora hukunci a kan halin da ake ciki. Lokacin da Shehu Alkanemi na Borno ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai, Bello ya ba da amsa a Infaƙul Maisuri cewa shi da kansa ya bi yana tsince takardun da iska ke watsawa bayan cin wani gari, kuma masana tarihi da yawa na ganin 'Yandoto ake nufi. A wancan lokaci kowane kwafi da hannu ake rubuta shi, ganye-ganye ba ɗinki, a tsakanin layuka da gefen shafi kuma ga bayanan da ɗalibi ya ji daga bakin malaminsa. Gafaka ɗaya in ta watse, karatun zuriya guda ya watse.

Tsarin karatun bai sauya sosai ba har cikin ƙarni na 20. Ɗalibi zai fara da Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala da Askari, sai a ƙarshe ya durƙusa wa Muhtasar, malami na karanta guntun jumla yana warware ta da Hausa. Abin da ya sauya shi ne takarda. Maɗaba'ar Bulaƙ da Muhammadu Ali ya kafa a Alƙahira a farkon shekarun 1820, da maɗaba'un 'yan kasuwa irin na gidan Halabi da suka biyo baya, sun buga manyan sharhohin nan a kan takarda mai ruwan ɗorawa. Alhazai da fatake suka riƙa shigo da su, kasuwar Kurmi ta Kano ta zama matattararsu, kuma da jirgin ƙasa ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920 hanyar ta ƙara sauƙi. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan bugu ya san siffarsa: wani littafi a tsakiyar shafi cikin zane, wani kuma yana zagaye da shi a gefe, ana karanta su tare.

Shafi iri ɗaya a Bolonya

Wannan siffa ta shafi ita ce kuma siffar tsofaffin littattafan shari'a na Italiya. A ƙarni na 6 Sarkin Rumawa Jastiniyan ya sa aka tattara dokokin Rum, kuma da aka kammala babban kundin a 533 ya hana a yi masa sharhi, don gudun kada malamai su dagula abin da ya tace. Hanin bai yi aiki ba. Tun daga ƙarshen ƙarni na 11 malaman birnin Bolonya suka shiga rubuta bayanai a gefen matanin, har Accursius ya tattara fiye da 96,000 daga cikinsu a ƙarni na 13, tarin da ya zama abin dogaron kotuna.

Wanda ya fi shahara a bayansa shi ne Bartolus, wanda ya koyar a Fisa da Ferujiya, ya rasu a 1357. Zamaninsu ɗaya da Halilu, teku kawai ta raba su, kuma babu alamar ɗaya ya san da ɗaya. Aikinsu ya yi kama ta fuskar cewa kowannensu ya gaji tsohon nassi da tarin maganganun magabata, yana neman hukuncin da za a yi aiki da shi yau. Bartolus ya yi rubutu a kan dokar wane gari za a bi in baƙo ya ƙulla ciniki a garin da ba nasa ba, da hukuncin azzalumin shugaba, da mallakar ƙasar da kogi ya yanko daga gonar wani ya jibge a ta wani, mas'alar da manoman fadamar kogin Sakkwato a Bunguɗu ba sa bukatar a yi masu bayaninta. Darajarsa ta kai dokokin Fotugal na 1446 suka umarci alƙali da ya koma ga sharhin Accursius in doka ta yi shiru, in bai samu ba ya bi ra'ayin Bartolus.

Da ɗab'i ya zo, littattafan shari'a na cikin waɗanda suka fi kawo riba. An buga ɗaya daga cikin littattafan Jastiniyan tare da sharhinsa a birnin Mainz a 1468, kuma tun shekarun 1470 maɗaba'un Fenis ke fitar da sharhohin Bartolus a manyan juzu'ai, domin babu lauyan da zai iya aiki ba tare da su ba. Sun yi kusan shekara 300 a kan teburan alƙalai. Fotugal ta soke matsayin Bartolus a 1769. Kundin Napoliyon ya fito a 1804, na Italiya ya biyo a 1865, kowane da gajerun sassa masu lamba. Juzu'an Fenis suka tashi daga kayan aiki suka koma kayan tarihi, ana gwanjonsu saboda tsufansu da kyan bugunsu. Sai dai sharhi bai mutu ba. Kafin a jima malaman Faransa da Italiya sun cika kantoci da sababbin juzu'ai a kan sababbin kundaye, domin gajeren sashe ba ya iya hango duk abin da rayuwa za ta kawo gaban kotu. Bambancin shi ne Turai ta maye tsohon sharhi da sabo, da jami'o'in da ke koyar da shi, da hukunce-hukuncen kotu da ake bugawa kowa ya karanta.

Fassara uku, mulkin mallaka uku

Turawan da suka mamaye ƙasashen Malikiyya duk sun ci karo da Muhtasar, kuma kowannensu ya so ya san abin da alƙalan da ke ƙarƙashinsa ke karantawa. Faransa ce ta fara, saboda Aljeriya: likita Nicolas Perron ya fitar da fassarar Faransanci tsakanin 1848 da 1854. Ingila ta biyo baya saboda Arewacin Nijeriya: a 1916 aka buga littafin F. H. Ruxton a Landan bisa umarnin Gwamna Lugga. Italiya ta zo ta uku, bayan ta ƙwace Libiya daga Daular Usmaniyya a yaƙin 1911 zuwa 1912.

Littafin Ruxton, kamar yadda sunansa ya bayyana, taƙaitawa ce daga fassarorin Faransanci. Wato taƙaitaccen littafi ne aka fassara, aka sake taƙaita fassarar, aka juya ta zuwa harshe na uku. An yi shi don Razdan da Di'o su iya duba hukuncin alƙali ba tare da sun san Larabci ba, kuma ya yi wannan aiki. Har yau manyan kotunan Nijeriya na kafa hujja da shi in ƙarar gado ko gona ta iso gabansu daga Arewa.

Santillana wata hanya ya bi, saboda irin tarbiyyar da ya samu. An haife shi a Tunis a 1855 cikin iyalin Yahudawa, ya tashi da Larabci, ya karanta shari'ar Rumawa a Italiya. Shi ya tsara daftarin dokar ƙulla yarjejeniya ta Tunisiya a 1899, wadda ta zama doka a 1906, kuma a gefen sassan daftarin ya riƙa nuna madogararsu a littattafan fiƙihu da dokokin Turai. Ya koyar a Jami'ar Masar a 1910, sannan ya riƙe kujerar shari'ar Musulunci a Jami'ar Rum. Mutumin da ya san Bartolus ya kuma san Dasuƙi bai yi zaton matani zai iya tsayawa shi kaɗai ba. Fassararsa cike take da ƙarin bayani daga masu sharhi, kuma da ya gama bai ga ta wadatar ba, sai ya rubuta wani babban littafi mai warware tsarin fiƙihun Malikiyya, wanda juzu'insa na biyu ya fito a 1938, shekara bakwai bayan rasuwarsa. Manufar gwamnatin da ta ɗauki nauyin aikin mallaka ce, kuma mutanen Libiya sun ɗanɗana kuɗarsu a hannunta. Amma ta fuskar ilimi, Santillana ya fahimci abin da malamin zaure ya sani tun fil azal.

A Arewa kuwa alƙalai sun ci gaba da hukunci daga littattafan Larabci, Turawa na hana yanke hannu da jifa, suna kuma sa ido a kan hukuncin kisa. An buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano a 1934 da malamai daga Sudan. Gab da samun mulkin kai, kwamitin masana shari'a na 1958 ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya ba da shawarar kundi guda na laifuffuka. Haka aka sami dokar Final Kot ta 1959, wadda aka ɗora a kan ta Sudan, ita kuma a kan ta Indiya ta 1860. Daga 1960 babobin haddi da ƙisasi na Muhtasar suka fita daga kotu. Shekara arba'in ana karanta su a zaure ba a yanke hukunci da su.

Gusau, 1999

Ranar 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, shekara uku bayan ƙirƙiro jihar, kuma kundin laifuffuka ya fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. Dole ce ta sa aka yi kundi: sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta kowa sai da laifin da rubutacciyar doka ta bayyana ta kuma faɗi horonsa. Ba zai yiwu a ce wa alƙali ya buɗe Dasuƙi ya yanke ba. Saboda haka aka zuba hukunce-hukuncen Malikiyya cikin sassa masu lamba, a ƙirar Final Kot. Masu tsara kundin sun ji a jikinsu cewa wani abu ya zube a hanya, har suka sa sashe na 92 wanda ya ce duk abin da Alƙur'ani da Sunna da ijtihadin Malikiyya suka ɗauka laifi, laifi ne ko da kundin bai ambace shi ba. Masana shari'a sun nuna cewa wannan ya ci karo da tsarin mulki. Wani abin lura kuma shi ne ƙofar da sashen ya buɗe ta ƙara laifuffuka ce, alhali babban amfanin sharhi a babin haddi shi ne tunkuɗe hukunci da shubuha.

Shari'o'in farko sun nuna inda gizo ke saƙa. Malikiyya ta keɓanta da ɗaukar cikin macen da ba ta da aure a matsayin hujjar zina, sauran mazhabobi uku ba su yarda da haka ba. Amma malaman mazhabar sun kewaye wannan hukunci da sharuɗɗa: sun tattauna da'awar tilastawa da alamun da ke gaskata ta, da halin matar da aka sani da kamun kai, da 'yancin janye iƙirari, da kuma mafi tsawon lokacin goyon ciki, wanda suka kai shekara huɗu ko biyar, abin da Hausawa ke kira kwantacce. A Satumbar 2000 wata kotu a Tsafe ta yanke wa wata yarinya bulala 180, ɗari na zina, tamanin na ƙazafi ga mazan da ta ambata. An janye tamanin ɗin daga baya, aka zartar da ɗarin a Janairun 2001 ba tare da wata kotun ɗaukaka ƙara ta duba shari'ar ba.

Inda aka kai ga ɗaukaka ƙara, sakamakon ya bambanta. Hukuncin jifa da kotun Gwadabawa ta yanke a Oktoban 2001, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Sakkwato ta rushe shi a Maris 2002. Na kotun Bakori, wanda Funtuwa ta tabbatar, takwararta ta Katsina ta rushe shi ranar 25 ga Satumba 2003, kuma cikin dalilanta akwai 'yancin janye iƙirari da yiwuwar jingina cikin ga tsohon miji. Duniya ta yi ta surutu a kan shari'o'in nan, har birnin Rum ya ba matar Gwadabawa shaidar zama 'yar gari ta girmamawa a 2002. Amma hujjojin da suka kuɓutar da matan a gaban alƙalai daga tsarin shari'a suka fito da kuma littattafan fiƙihun da ake sayarwa a kasuwar Gusau. Abin da ya raba hukuncin farko da na ƙarshe shi ne zurfin karatun wanda ke kan kujera, da samun lauyan da ya san shafin da zai buɗe. A 2005 Zamfara ta karɓi kundin da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daidaita, sai dai gyaran lafazin sashe ba ya maye gurbin wannan karatu.

Gonar da aka gudu aka bari

Haddi shi ke jan hankalin jaridu, amma yawancin aikin kotunan shari'a aure ne da saki da bashi da gado da rikicin gona. Waɗannan ba a zuba su cikin kundi ba, saboda haka alƙali da littattafan kai tsaye yake aiki. A nan ne mas'ala guda ke jiran Zamfara.

Hukuncin hauzi sananne ne: wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki da ita kamar tasa, mai ita na ganinsa bai yi magana ba, to ba a sauraren da'awar mai ita bayan haka. Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka lissafin shekaru ne kawai. Matanin ya gindaya cewa mai da'awar ya kasance yana nan, ya yi shiru, kuma babu abin da ya hana shi magana. Masu sharhi ne suka warware mene ne abin hanawa: ƙuruciya, rashin sanin cewa ƙasar tasa ce, nisan wuri, da tsoron mai ƙarfi ko wanda ke jingine da mai ƙarfi. Su ne kuma suka tsawaita wa'adin tsakanin dangi, suka bayyana cewa aro da haya da jingina ba sa zama mallaka komai daɗewa.

Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga na tayar da ƙauyuka a Zamfara, kuma ƙasar Tsafe da ta Bunguɗu na cikin waɗanda abin ya shafa. Iyalai sun bar gonakin gado sun koma Gusau da sauran garuruwa. Wasu gonakin sun zama saura, wasu kuma wani ne ke nomawa, da izini ko ba izini. Ranar da aka sami lafiya mutane suka koma, ƙararrakin za su zo, kuma wanda ke cikin gona zai ce ya cika shekara goma. Alƙalin da ya san hauzi daga taƙaitaccen bayani na iya ba shi gaskiya, ya mayar da gudun tsira da rai ya zama sarayar da gado. Alƙalin da ya karanta Dardir da Dasuƙi zai tambaya: me ya fitar da mai gonar, kuma a wane hali zai iya zuwa ya yi magana?

Abin da wannan ke bukata sananne ne, kuma ba ya fi ƙarfin jiha. Horar da alƙalai ya zama ya haɗa da karatun sharhi gaban malaman da suka gaje shi, tun suna raye. Hukunce-hukuncen Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a riƙa buga su da madogararsu, domin su ne sabon sharhin da kundi ke bukata, kuma ta haka lauya a Gusau zai san abin da aka yanke bara. Babobin da suka fi shafar talaka, irin su hauzi da shufa'a da shaida, a fassara su zuwa Hausa tare da sharuɗɗansu, yadda mai ƙara zai san haƙƙinsa kafin ya shiga kotu. Rubutattun kwafin hannu da tsofaffin bugun Alƙahira da ke gidajen malamai kuma a ɗauki hotonsu a adana, musamman waɗanda ke garuruwan da ake tserewa daga cikinsu, domin bayanan Hausa da Larabci da ke gefen shafukansu babu su a wani bugu.

Juzu'an Bartolus sun koma kayan gwanjo ne bayan Turai ta gina abin da zai ɗauki nauyin da suka ɗauka. Sharhohin Muhtasar har yanzu kayan aiki ne a Zamfara, kuma babu abin da aka gina a madadinsu. Gonar wani magidanci da ke zaman gudun hijira a Gusau na iya dogara a kan ko alƙalin da zai saurare shi ya taɓa karanta layuka uku da ke gefen shafi.